Intabiyu ta waya: shirun nan ne ke rikita ni

Zee_Lissafi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ranar Alhamis da ƙarfe 11 na safe za a yi min intabiyu ta waya, aikin mataimakiyar akanta ne a wani kamfani. Wannan ne karo na biyu da zan yi irinsa. Na farkon wata huɗu ke nan, kuma har yau yana cina a rai. An tambaye ni me ya sa nake son barin inda nake aiki, na ba da amsa, na gama, sai mutumin ya yi shiru. Ba na ganin fuskarsa, ban san ko ya gamsu ba ko ƙari yake jira, sai na ci gaba da magana. Na yi ta zuba har na faɗi abubuwa a kan shugabata waɗanda ban taɓa niyyar faɗa ba. Ina jin bakina yana tafiya amma na kasa tsayar da shi. Ba su sake kirana ba. Don Allah ya ake shirya wa wannan abu? In rubuta amsoshina ne in riƙa karantawa?

Hajiyar_Ofis: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe a sashen ɗaukar ma'aikata, kuma irin wannan kiran ni nake yin sa. Bari in gaya miki abin da ke faruwa a ɓangarenmu lokacin shirun: rubutu muke yi. Takarda ce a gabana mai tambayoyi, ƙarƙashin kowace akwai gurbin da zan rubuta abin da kika ce da makin da na ba ki. Ke kin gama magana, ni hannuna bai gama ba. Wani lokacin mu biyu ne a ɗakin, na rufe makirufo ina tambayar abokin aikina ko yana da ƙari. Shirun da kike ji kamar minti guda, da za ki kalli agogo bai fi daƙiƙa biyar ba. In kin kai aya ki tsaya. In ya yi miki tsawo ki ce, "Ko akwai inda kuke so in ƙara bayani?" Daga nan magana ta dawo hannunmu.

Abu_Sadiq77: Ni dai rubutawa na yi, kalma da kalma, kuma na samu aikin. Ai amfanin waya ke nan, ba mai ganin abin da ke gabanka. Me zai sa in bar damar da aka ba ni?

Hajiyar_Ofis: Malam Abu Sadiq, ina taya ka murna, amma wallahi muna jin mai karatu. Murya tana miƙewa ta daina hawa da sauka, numfashi yana faɗowa a tsakiyar jimla. Ina jin haka sai in jefa tambayar da ba ta cikin jerin, a nan ake gane wanda ya san aikinsa da wanda ya haddace.

Abu_Sadiq77: Ƙila na iya karatun ne, Hajiya. Na karanta shi a fili ya fi sau goma kafin ranar, har ya zauna a bakina.

DalibinIlimi: To ai ka ga ba takardar ce ta taimake ka ba ranar, bitar da ka yi ce.

Maman_Ilham: Zee, ji nawa labarin kafin ki yanke shawara. Shafi shida na rubuta, na jera su yadda nake zaton tambayoyin za su zo. Tambaya ta farko ta zo daidai. Ta biyu kuwa tana can shafi na biyar. Na saƙala waya a kafaɗa ina birkita takardu, ƙararsu tana shiga kunnen matar, har ta ce ko layin ne ke da matsala. Hankalina ya koma neman shafi, ban ma ji ƙarshen tambayar ba. Da na sake samun wata dama, takarda ɗaya tal na yi, na manna ta a bango daidai idona da salatif, da manyan baƙaƙe. Babu cikakkiyar jimla ko ɗaya a jiki. Sunan wanda zai kira, sunan kamfanin, labarai uku daga aikina kowanne da kalma biyu ko uku da za su tuna min shi, da tambayoyi biyu da zan yi musu. CV ɗina da sanarwar aikin na shimfiɗa su a tebur a buɗe, ba sai na taɓa su ba.

Zee_Lissafi: Na gode Maman Ilham. Labarai uku kamar yaya? Ni aikina lissafi ne, babu wani labari a ciki, shigar da lambobi ne kullum.

Baba_Mai_Ritaya: 'Yata, kada ki raina aikinki. Ba ki taɓa samun lissafin ƙarshen wata ya ƙi haɗuwa ba, kika zauna kika bi rasit ɗaya bayan ɗaya har kika gano inda aka shigar da abu sau biyu? Ba a taɓa kawo miki takardar biya babu sa hannun da ya kamata ba, kika ƙi wucewa da ita duk da an matsa miki? Labaran ke nan. Na zauna a kwamitin tantancewa sau da dama kafin in ajiye aiki. Kowa yana cewa shi mai gaskiya ne, mai ƙwazo, mai haƙuri da jama'a, kuma da yamma ba ma tuna waye ya faɗa. Wadda ta ce ta gano kuskure a lissafin sito ta gyara kafin masu bincike su zo, ita muke tunawa.

DalibinIlimi: Ƙari a kan maganar Baba. Akwai tsarin da masu horar da neman aiki ke koyarwa na ba da irin wannan labari, gaɓa huɗu ne: halin da ake ciki, abin da ya rataya a wuyanki, matakin da ke kanki kika ɗauka, sai abin da ya haifar. Inda mutane ke kuskure shi ne su ɓata minti biyu a gaɓar farko suna shimfiɗa, su zo ta uku su ce "sai muka gyara". Su waye mu? Ke ake son ɗauka. Amfaninsa ga matsalarki kuma, Zee, labarin yana da ƙarshe. Kina faɗin sakamako kin san kin gama, ba za ki ji kamar akwai sauran bashi ba.

Kanwar_Kowa: Ni na taɓa ji a wani horo cewa kalmomi kashi 7 ne kawai cikin 100 na saƙo, murya 38, fuska da jiki 55. In haka ne a waya an riga an yi asarar fiye da rabi, sai a dage a kan murya kawai.

DalibinIlimi: 'Yar uwa, ana yawan yawo da wannan lissafi amma ba haka yake ba. Ya samo asali ne daga gwaje-gwajen da Albert Mehrabian, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya wallafa a 1967. Kalma ɗaiɗai aka riƙa furta wa mutane da murya iri-iri, a wani gwajin a haɗa da hoton fuska, a ce su faɗi ko mai maganar yana nuna so ko ƙi. Shi da kansa ya yi bayanin cewa sakamakon ya shafi bayyana abin da ke zuciya ne kawai, musamman in baki ya faɗi wani abu fuska ta nuna wani. Da kalma kashi 7 ce, da mutum zai fahimci kashi 93 na lacca a harshen da bai taɓa ji ba. Idan aka tambayi Zee yadda take daidaita lissafin banki da na ofis, abin da ta faɗa shi ne zai ba ta maki.

Kanwar_Kowa: Na gode da gyara. Amma murya tana da tasiri dai, ko?

Hajiyar_Ofis: Sosai. Murmushi ana jin sa a waya, domin yana sauya siffar baki, sauti ya fita daban. Wanda ke kwance ma ana gane shi.

Mai_Gyaran_Waya: Ku bar ni in shigo ta ɓangarena, don na ga duk ana maganar amsa an manta da wayar kanta. Layin waya na asali sautin da ke tsakanin Hz 300 zuwa 3400 kawai yake ɗauka (Hz ma'aunin kaifin sauti ne), alhali ƙarfin sautin "s" mafi yawansa yana sama da nan. Shi ya sa "s" da "f" ke rikicewa a waya. Sababbin layuka masu tace murya suna kaiwa 7000, amma sai in duka ɓangarorin suna da shi, kuma ba ki da iko da nasu. Don haka in za ki faɗi imel ko lamba, ki bi harafi-harafi, ki nemi a maimaita miki.

Kada ki sa a sifika, yana kwaso amsa-kuwwar ɗaki, muryarki ta yi nisa kamar daga rijiya. Iyafis mai igiya ya fi min na Bluetooth kwanciyar rai, ba ruwansa da caji. Amma ki lura kada makirufonsa ya riƙa gogar mayafi ko wuyan riga, wannan ƙarar tana da muni a ɗaya ɓangaren. Ki zagaya gidan yau, ba ranar ba, ki gano inda sabis ya fi ƙarfi, ki kira wani daga nan ku yi minti biyar. Sai abin da ya fi kawo min mutane suna kuka: manhajar toshe baƙuwar lamba da tsarin "kada a dame ni". Lambar kamfani ba ta cikin wayarki, za a kira wayar ta ƙi yin ƙara, ke kina zaune kina jira. Ki kashe su tun dare.

Shamsu_09: Wannan na ƙarshen ya faru da ni. Na zauna awa guda ina kallon waya, daga baya na ga kira biyu a jerin waɗanda aka toshe. Na kira washegari aka ce an rufe jerin sunaye. Na yi kwanaki ban dawo daidai ba.

Zee_Lissafi: Subhanallah. Yanzu na duba, nawa ma a kunne yake. Na kashe. Allah ya saka da alheri Malam. Shamsu, Allah ya musanya da mafi alheri.

Mai_Gyaran_Waya: Amin. Ƙari ɗaya, ki tambaye su kiran layi ne ko na intanet irin WhatsApp. Na intanet yana iya jinkirta murya. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa in ana son hira ta tafi sumul. In ya zarce sosai, sai ku riƙa hawa kan maganar juna, kowa yana zaton ɗan uwansa ya gama. Maganinsa ki ɗan saurara kaɗan bayan sun yi shiru kafin ki fara.

Dan_Gwagwarmaya: Duk wannan ga wanda aka sa wa lokaci ne. Ni kirana uku duk ba zato suka zo, ɗaya ina tsakiyar titi. Shawarata a ɗauka a yi a wurin, ko ana ruwa ko ana iska. Kana cewa a sake kira, an wuce kan na bayanka. Masu nema sun yi yawa, ba wanda zai bi ka.

Hajiyar_Ofis: Ban yarda ba. Wanda ya ce min, "Na gode da kira, ina son wannan aiki, amma ina wuri mai hayaniya, ko za mu yi nan da minti 30?" ya ƙara daraja a idona. In ka amsa a cikin hon ɗin motoci rabin maganarka ba zan ji ba, kuma abin da ban ji ba ba zan ba shi maki ba.

Dan_Gwagwarmaya: Hajiya, ke ce haka. Ba duk masu kira ne ke da halinki ba. Na gwada abin da kika faɗa sau ɗaya cikin ladabi, aka ce to babu damuwa, har yau shiru. Ba wai ina musu don musu ba ne, na ɗanɗana.

Baba_Mai_Ritaya: Ku biyun kowa ya faɗi abin da ya gani. Ɗana, abin da zan ƙara shi ne kada ka bar shi a "sai kun sake kira". Ka yanka lokaci, ka nemi suna da lambar da za ka kira, ka ce kai za ka kira. Kuma in minti biyu za su ishe ka ka shiga wuri mai shiru, minti biyun ka roƙa, kada ka katse.

Dan_Gwagwarmaya: Wannan ta minti biyun na karɓa, Baba. Ta sake kira kam ina nan a kan bakana.

Ummu_Hanan: Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ƙanena an yi masa intabiyu ta waya, minti goma aka ce ya ci, sai aka ce ya tura kuɗin horo da na kayan aiki, a kuma karanto lambar da za ta shigo wayarsa don "tabbatar da shi". Allah ya sa ya tambaye ni kafin ya karanta. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar sirri ta banki a kiran neman aiki, ɓarawo ne. Zee, kin tabbatar da kamfanin naki?

Zee_Lissafi: Eh Yaya, ni na nema ta shafinsu, kuma imel ɗin da ya zo da sunan kamfanin yake bayan alamar @, ba Gmail ba.

Shamsu_09: Ko hakan ma a duba harafi-harafi, suna sauya harafi ɗaya a sunan don ya yi kama.

Nura_Nesa: Ga wanda kamfanin da zai kira shi yake wata ƙasa, a kula da agogo. A tambaya ƙarfe 11 na wace ƙasa. Ingila tana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Mafi yawan jihohin Amurka kuma Lahadi ta biyu a Maris da ta farko a Nuwamba suke nasu. Wanda ya yi lissafi da bambancin watan jiya zai iya makara da awa guda cur.

Admin_Sadiya: Jama'a duk bayanan nan suna da amfani, amma mu dawo kan tambayar Zee. Kwana biyu ya rage mata, kuma ba a taɓa tambayar da ta kayar da ita wancan karon ba.

Zee_Lissafi: Na gode Anti Sadiya. Ga abin da na tsara in an sake tambayata dalilin barin aiki: "Ina son barin wurin ne saboda ba a ba ni damar ci gaba, kuma yanayin aikin bai dace da ni ba." Ya yi?

Hajiyar_Ofis: Bai yi ba tukuna. "Yanayin bai dace da ni ba" ƙofa ce kika buɗe, dole in tambaye ki wane yanayi, daga nan kin koma inda kika faɗi. Ki juya fuskar amsar ta kalli wurinmu. Shekara nawa kika yi, me kika iya a can, me kika gani a sanarwarmu da kike son koya. Misali, kin shekara uku kina shigar da lissafin yau da kullum, kin ƙware, yanzu kina son inda za ki sa hannu a haɗa rahoton ƙarshen wata, kuma kin ga aikin nan ya ƙunshi haka. Jimla uku, ki rufe baki.

Abu_Sadiq77: Amma Hajiya in shugabar tata da gaske azzaluma ce fa? Ƙarya za ta yi?

Baba_Mai_Ritaya: Ba a ce ta yi ƙarya ba. Son ci gaban gaskiya ne, shi za ta faɗa. Mai sauraro bai san shugabar ba, bai ji ta bakinta ba, abin da zai ɗauka kawai shi ne gobe haka za a yi da shi a wani wurin.

DalibinIlimi: Kuma Zee, in kin ji ba sa cewa "madalla" ko "haka ne" bayan amsarki, kada ki ɗauka kin ɓata. Wurare da yawa suna yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a jere ɗaya da gangan. Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata suka wallafa a 1998, suka nuna tsararriyar ganawa irin wannan ta fi ta hira kara-zube hasashen wanda zai iya aiki. Mai bin wannan tsari yana kame bakinsa ne don kada ya fifita wani.

Maman_Ilham: Maganar albashi fa? Ni a kiran farko aka jefo min ita, na daburce na faɗi ƙasa da abin da nake karɓa.

Hajiyar_Ofis: Kusan kullum muna yin ta a kiran farko, ita da yaushe za ki iya farawa, don kada mu ɓata wa juna lokaci. Irin wannan kiran minti 15 zuwa 30 ne galibi, tacewa ce kafin a gayyaci mutum. Ki duba takardar ɗaukarki ta yanzu ki san notis na kwana nawa ke kanki. Albashi kuma ki rubuta daga kaza zuwa kaza a takardar bangon, na ƙasan ya zama wanda za ki karɓa da zuciya ɗaya. Kina da damar fara tambayar abin da suka ware wa gurbin.

Dan_Gwagwarmaya: Na tambaya sau biyu, duka aka ce ni zan fara faɗa.

Hajiyar_Ofis: Yana faruwa. Shi ya sa na ce a rubuta tun kafin.

Zee_Lissafi: Na dawo da rahoto. Jiya da dare na sa yayata ta shiga wani ɗaki ta kira ni, na ba ta tambayoyi shida, na roƙe ta ta yi shiru na daƙiƙa goma bayan kowace amsa. Na farko ban iya ba, a daƙiƙa ta huɗu na ci gaba da magana. Na biyu na dafe bakina da hannu ina kallon agogon bango, zuciyata tana bugawa, har ta yi tambaya ta gaba. Zuwa na biyar abin ya fara sauƙi. Na kuma naɗi muryata na saurara, na ji ina sauri sosai, ina haɗiye ƙarshen kalmomi. Muryar ma kamar ba tawa ba.

Mai_Gyaran_Waya: Taki ce. Ke kina jin kanki ta ƙashin kai da ta iska a haɗe, shi ya sa take miki kauri. Ta cikin naɗin ita kowa ya saba ji.

Baba_Mai_Ritaya: Madalla 'yata. Ki ajiye ruwa a kofi kusa, ki zauna a wurin minti goma kafin lokaci, ki gaya wa mutanen gida kada a buɗe ƙofar. Ni a tsaye nake ba da shawara a yi, ƙirji ya fi buɗewa.

Maman_Ilham: Baba, ni da na tsaya kai-kawo na riƙa yi har numfashina ya fara fita a waya. Zama a kujera mai tsayayyen baya ya fi min, ga biro a hannu ina rubuta tambayar in ta yi tsawo.

Kanwar_Kowa: Tunda ana nan, ni ma ina da tawa. Ina da in'ina, kuma a waya ta fi tashi. Gaba da gaba mutum yana ganin ina ƙoƙarin fitar da kalma sai ya jira, a waya kuwa sai a yi ta "hello, hello" ana zaton layi ya yanke. In faɗa musu tun farko ko in yi shiru?

Hajiyar_Ofis: Ni da za ki gaya min a jimla ɗaya a farkon kira, zan jira ki, kuma zan ji daɗi da kika faɗa. Kina iya roƙon a mayar da shi na bidiyo ma tun ta imel.

Dan_Gwagwarmaya: Ni ina tsoron kada wani ya riƙe shi a ransa tun kafin ya ji amsarta. Akwai wanda ya taɓa faɗa a nan ya ga yadda aka karɓa?

Zee_Lissafi: 'Yar uwa, in kina so ki turo min saƙo ta akwati mu yi bita tare yau da dare, ni in riƙa tambaya ke kina amsawa, sai mu juya. Takardata tana bango tun ɗazu, saura in ƙara tambaya ta biyu da zan yi musu, har yanzu ɗaya kawai na samu.